Yadda Ma'aunin Yunwa Ya Koma Alƙalin Ƙiba

Duk wanda ya juya kwalin biskit ko gwangwanin madara zai ga ɗan jadawali a bayansa, kuma layin farko a cikinsa kusan kullum adadin kalori ne. Adadin nan ya zauna wa mutane a rai har ana ganin kamar tare da abinci aka halicce shi, alhali shigarsa bakin jama'a ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 babu uwargida a duniya da ke ƙirga abin da ke cikin akushi da wannan ma'auni. Hujjar da nake son kafawa ita ce, an kawo kalori fagen abinci ne don amsa tambayar mai rabo, wato nawa za a ba taron leburori ko sojoji ko 'yan gudun hijira don kada ƙarfinsu ya ƙare, kuma a wannan aiki ya yi rawar gani. Rikici ya faro ne ranar da aka karɓe shi daga hannun mai rabo aka damƙa wa mutum ɗaya, aka ce ya riƙa yi wa kansa hisabi da shi loma bayan loma. Daga nan lissafin makamashi ya rikiɗe ya zama hukunci kan halin mutum, har mai ƙiba ya wayi gari a matsayin mai laifi.

Kafin zuwan ma'aunin, mutane ba su rasa hanyar tunani kan abinci ba. Likitocin da, tun daga Jalinusu na zamanin Rumawa har zuwa Ibn Sina, sun kasa abinci zuwa mai zafi da mai sanyi, mai danshi da busasshe, kuma ba su yanke hukunci a kansa sai sun dubi mai cinsa, shekarunsa, yanayin jikinsa da lokacin da ake ciki na shekara. Har gobe ana jin irin wannan tunani a ƙasar Hausa, inda za a ce wannan yana riƙe ciki, wancan yana ƙara jini, mai jego a dama mata kunun kanwa. A cikin waɗannan maganganu akwai daidai akwai kuskure, amma dukansu sun haɗu a kan cewa ba a raba abinci da mai ci. Ko littafin rage ƙiba na farko da ya yi tashe a Ingila bai san da zaman kalori ba. William Banting, mai sana'ar shirya jana'izar manya a Landan, gajere ne mai nauyin kilo 92, ƙiba ta kai shi ga sauka daga bene da baya don rage wa gwiwoyinsa azaba. A 1863 ya buga wata 'yar takarda yana bayanin yadda ya zubar da kusan kilo 21 cikin shekara guda ta hanyar barin burodi, man shanu, madara, sukari, dankali da giya. Nau'in abinci ya duba, bai ƙirga komai ba.

Ma'aunin kansa daga ɗakin gwaji da injin tururi ya fito. A hunturun 1782 zuwa 1783 a birnin Faris, Antoine Lavoisier da Pierre-Simon Laplace suka sa ɓeran masar cikin wata tukunya da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna ruwan da ɗumin jikinsa ya narkar, suka gwada shi da iskar da yake fitarwa. Abin da suka gano shi ne numfashi ƙonewa ce a hankali, irin wadda gawayi ke yi, sai dai babu harshen wuta. Wajen 1820 wani Bafaranshe, Nicolas Clément, ya fara amfani da kalori a darussansa kan injuna, yana nufin zafin da zai ɗaga ɗumin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, kuma wannan shi ne ma'aunin da ake bugawa a jikin kwali a yau. Jamusawa ne suka kai shi ga abinci. A birnin Munich, Carl von Voit ya tara ɗalibai suna auna abin da ke shiga jiki da abin da ke fita, ɗalibinsa Max Rubner kuwa ya nuna a 1894, da gwaji a kan kare, cewa zafin da dabba ke fitarwa daidai yake da makamashin abincin da ta ƙona. Babu wanda ya rushe wannan binciken har yau, kuma duk gardamar da za ta biyo baya ba a kansa take ba.

Wanda ya fito da ma'aunin daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa shi ne Wilbur Olin Atwater, Ba'amurke masanin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Wesleyan da ke jihar Connecticut, wanda shi ma ya yi zama a wurin Voit. Tare da abokin aikinsa Edward Rosa ya gina wani ɗaki da bai fi ƙaramin shago ba, tsawonsa kamar mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da ɗan kai, cikinsa jan ƙarfe, bayansa bangaye a jere don kada zafi ya tsere. Daga 1896 aka fara rufe mutane a ciki na kwanaki. Mutum yana da gadon naɗewa da kujera da ɗan tebur, ana miƙa masa abincin da aka auna ta wata 'yar kafa, bututun ruwa na zagaye ɗakin yana kwashe ɗumin jikinsa, masu aiki na zaune a waje dare da rana suna rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna. Fitsarinsa da bayan gidansa ma ba a zubarwa, sai an auna abin da ya rage a cikinsu. Wani lokaci a sa shi ya tuƙa keken da ba ya tafiya, wani lokaci a ba shi karatu mai wuya don a ga ko tunani na cin makamashi. Daga irin wannan aiki, da ƙona ɗaruruwan nau'o'in abinci cikin tukunyar ƙarfe, aka samo lissafin da duniya ke bi har yanzu: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4, na furotin 4, na mai ko kitse 9.

Abin lura shi ne tambayar da Atwater ke son amsawa. Ƙiba ba ta cikin manyan damuwarsa. Zamaninsa zamanin masana'antu ne, birane cike da baƙin leburori, yajin aiki na tashi nan da can, kuma iyalin ma'aikaci na kashe kusan rabin albashi a kan ci. A jerin maƙalolin da ya fara bugawa a mujallar Century a 1887, da takardar da ma'aikatar gona ta Amurka ta buga masa a 1894, ya auna abinci da kuɗi: da sulai kaza, kalori nawa za ka samu a garin alkama, nawa a wake, nawa a tsokar nama? Ya ƙiyasta cewa namiji mai aiki matsakaici na bukatar kalori 3,500 a rana, sannan ya yanke cewa talakan Amurka yana ɓarnar kuɗinsa wajen sayen nama mai tsada alhali wake da gari za su ba shi ƙarfi iri ɗaya da arha. Niyyarsa taimako ce, ban ga dalilin shakkar hakan ba. Amma shugabannin ƙwadago na lokacin sun hango inda maganar za ta kwana. Idan kimiyya ta ce lebura zai rayu a kan kwabo kaza a rana, mai masana'anta ya samu hujjar ƙin ƙara albashi. Tun daga ranar farko, ke nan, adadin yana yi wa wanda ke riƙe da shi aiki, kuma wanda ake aunawa ba shi ne ke riƙe da shi ba.

Tun Atwater na da rai ma'aunin ya fara nuna iyakarsa. A 1899 sakamakon gwajinsa ya nuna cewa jiki na ƙona barasa ya samu makamashi, kimanin kalori 7 a giram, fiye da sukari. Masu sayar da giya suka ɗauki maganar suka shiga talla da ita, ƙungiyoyin yaƙi da shan giya kuma suka yi masa ca, duk da cewa shi kansa mai goyon bayan kame kai daga giya ne, kuma ya yi gargaɗi kan illarta. Lissafinsa daidai ne, sai dai kalori ba ya bambance abin da ke gina jiki da abin da ke rusa hanta. Haka nan a teburinsa ganye da 'ya'yan itace suka fito a matsayin kayan marmari da talaka zai iya haƙura da su, tunda kuɗinsu da yawa, makamashinsu kaɗan. Ana cikin haka wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jaba cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka cire wa dusa suna kamuwa da shanyewar ƙafa irin ta cutar beriberi, suna warkewa idan aka mayar musu da dusar. A 1912 Frederick Hopkins a Ingila ya nuna cewa ɓerayen da aka ba tataccen furotin da sitaci da mai, cikakken kalori, sun daina girma har sai da aka ƙara musu 'yar madara. A shekarar ce aka raɗa wa bitamin suna. Atwater ya rasu a 1907, bai ga yadda abin da teburinsa ya raina ya zama ginshiƙin lafiya ba.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne suka ɗora kalori a kan teburin gwamnatoci, kuma a nan ne ya fi dacewa. Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya jagoranci ciyar da miliyoyin mutane a Beljiyam da arewacin Faransa daga 1914, aikin da ba zai yiwu ba sai da ma'auni ɗaya da zai haɗa alkama da wake da kitse a lissafin jirgin ruwa guda. A tsakiyar shekarun 1930 kwamitin masana na tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke Janeba ya tsayar da kalori 2,400 a rana a matsayin bukatar baligin da ba ya aikin ƙarfi, kuma yau hukumomin agaji na tsara rabon sansanin 'yan gudun hijira a kan 2,100 ga kowane kai. Wannan ma'aunin da ya ceci rayuka shi ne kuma aka yi kisa da shi. A 1941, a birnin Warso da ke hannun 'yan Nazi, rabon hukuma ya ba Bajamushe fiye da kalori 2,600 a rana, Bayahuden da aka kulle a unguwar ƙawanya kuwa ƙasa da 200. Wanda ya rubuta waɗannan lambobi ya san sarai abin da suke nufi. Kalori kamar mudu yake a hannun mai awo: yana faɗin yawan hatsi da gaskiya, amma ba ya faɗin ko ƙwari sun cinye cikinsa, ba ya kuma hana mai awo zalunci.

Juyin da ya kawo mu inda muke ya faru ne a 1918, a hannun wata likita a birnin Los Angeles mai suna Lulu Hunt Peters. Ta taɓa kai kilo 100, ta zubar da fiye da 30, sai ta rubuta ƙaramin littafi cikin harshe mai sauƙi da raha, ta nufi matan gida da shi. Ya sayu kusan kwafi miliyan biyu, ya yi shekaru a jerin littattafan da aka fi saye a Amurka. Peters ta ɗauki teburin da aka tsara don kada lebura ya gaza, ta kifa shi. Ta koya wa mai karatu ta daina ganin yankan burodi, ta riƙa ganin kalori 100 na burodi, ta kasa duk abin ci zuwa kashi-kashi na ɗari-ɗari, ta tsaya a kan 1,200 a rana. Kuma da yake ana tsakiyar yaƙi, gwamnati na roƙon jama'a su rage cin nama da alkama don a aika wa sojoji, sai ta haɗa ƙiba da rashin kishin ƙasa, ta kwatanta mai teɓa da mai ɓoye abinci a jikinsa lokacin da wasu ke yunwa. A nan ne lamba ta auri laifi. Zamanin ma ya taya ta: kayan sawa na kanti masu lamba sun fara maye gurbin ɗinkin tela, sikelin awon nauyi ya shiga gidaje, yayin siririn jiki ya kama 'yan mata a shekarun 1920, sannan a farkon shekarun 1940 kamfanin inshora na Metropolitan Life ya fitar da jadawalin nauyin da ya ce shi ya dace da kowane tsayi. Sha'awar rama ba kalori ne ya haife ta ba. A ƙasar Hausa ma, inda cikar jiki ta daɗe tana nuna hutu da wadata, har wasu mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi ƙiba, al'ada ce ke zana jikin da ake so. Abin da kalori ya yi shi ne ya ba sha'awar wata al'umma rigar kimiyya.

Mai gardama zai ce duk wannan labari ne, dokar halitta kuwa ba ta canzawa: wanda ya ci fiye da abin da ya ƙona zai yi ƙiba, wanda ya ci ƙasa da shi zai rame. Gaskiya ne, kuma duk mai sayar da wani shayi ko garin magani da sunan zai narkar da tumbi ba tare da wannan ba, yaudara yake yi. Sai dai kasancewar doka gaskiya daban, iya lissafa ta a kan mutum ɗaya daban. A ɓangaren abin da ke shiga, lambobin Atwater matsakaici ne da aka ciro daga cakuɗaɗɗen abinci. A 2012 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka, wato gidan da ya ɗauki nauyin aikin Atwater, suka gano cewa giram 28 na 'ya'yan almon na ba jiki kalori 129, alhali lissafin tsohon tebur ya ce kusan 170, saboda wani kaso na mansu na wucewa ba tare da hanji ya tsotse shi ba. Niƙa da dahuwa na ƙara abin da jiki ke samu daga abinci iri ɗaya. Dokar Amurka ta yarda abin da ke jikin kwali ya kauce da kashi 20 cikin ɗari. Ko adadin 2,000 da aka gina jadawalin kwali a kansa tun farkon shekarun 1990, an zaɓe shi ne bayan an fara ba da shawarar 2,350, aka ga cikakkiyar lamba ta fi sauƙin riƙewa. To ina ga gidan da mutum biyar ke sa hannu a kwano ɗaya na tuwo, miyar kuma yawan man da ke cikinta ya danganta da hannun mai girki a ranar?

Ɓangaren abin da ke fita ya fi wannan wuya, domin jiki na mayar da martani. Mafi bayyanar shaida ta fito ne daga Jami'ar Minnesota, inda Ancel Keys ya tara samari 36 da suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu, suka yarda a gwada yunwa a kansu daga 1944 zuwa 1945 don a san yadda za a farfaɗo da mutanen Turai bayan yaƙi. Bayan wata uku suna cin kusan kalori 3,200, aka rage musu zuwa kimanin 1,570 na mako 24, galibi dankali, kabeji da burodi, suna kuma tafiyar kilomita 35 a mako. Sun zubar da kusan rubu'in nauyinsu. Bugun zuciyarsu ya ragu, suna jin sanyi ko a lokacin zafi, makamashin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi ƙwarai. Hankalinsu kuwa ya tattara kacokan a kan abinci: suna tara littattafan girki, suna lasar faranti, suna jan loma ɗaya a baki don kada ta ƙare, fushi da baƙin ciki sun yi musu yawa. Da aka sake musu mara, wasu suka riƙa ci har su yi rashin lafiya, kuma kitsen da suka mayar ya zarce wanda suka fara da shi kafin daga baya ya daidaita. Za a iya cewa waɗannan sirara ne tun asali, ba masu ƙiba ba, kuma haka ne. Amma a 2016 aka bi mutum 14 masu tsananin ƙiba da suka yi gasar rage nauyi a talabijin ɗin Amurka. Sun zubar da matsakaicin kilo 58, bayan shekara shida kilo 41 ya dawo, jikinsu kuma yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga mai nauyinsu. Mutumin da nauyinsa ya dawo bayan ya yi ta fama, yawanci ba ragwanci ne ya kayar da shi ba, jikinsa ne ya ɗauki ragin abinci a matsayin fari ya shiga tattali.

Akwai kuma tambayar da lissafin bai taɓa yi ba, wato me ke sa mutum ya ci yawan abin da ya ci. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka suka ajiye mutum 20 na wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da bai yi nisa da yadda ya fito daga gona ba, an daidaita abin da aka ajiye musu ta fuskar kalori da sukari da mai, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kusan kalori 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma ya ragu da kusan haka. Mutanen ba su canza ba, ƙarfin zuciyarsu bai canza ba, abin da ke gabansu ne ya canza. Shi ya sa saƙon nan na cewa kalori kalori ne ko daga ina ya fito, abin da ya rage kawai ka motsa jiki ka ƙona shi, yake yi wa masu sayar da kayan zaƙi daɗi. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kamfanin Coca-Cola ne ya ba da kuɗin kafa wata ƙungiyar masana da ke fifita motsa jiki a kan abin da ake ci da sha wajen bayanin ƙiba, kuma kafin ƙarshen shekarar ƙungiyar ta watse. Idan duk nauyin ya koma kan lissafin mai saye, mai sayarwa ya fita.

Gardama ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, domin ta shafi ƙasashen da yunwa ba labarin littafi ba ce. Za a ce sukar kalori shagwaɓar ƙoshi ce, tunda da wannan ma'auni ake ceton yara. Na yarda da rabin maganar, kuma rabin nan shi ne ainihin hujjata, cewa a hannun mai rabo ma'aunin na da amfani. A yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin masu tsananin tamowa, mafi yawansu a yankin Maraɗi, da wani ƙullin gyaɗa mai suna Plumpy'Nut, wanda kowace leda mai giram 92 ke ɗauke da kalori 500, ana lissafa yawan ledojin da nauyin yaro. Ba don lissafi ba da aikin bai yiwu ba. Amma ledar ba ta yi nasara don kalori kaɗai ba, in ba haka ba da sukari da mai sun wadatar. An haɗa mata garin madara da bitamin da gishirin ma'adinai, saboda darasin da aka koya tun 1933, lokacin da likita Cicely Williams ta bayyana a birnin Akara cutar yaran da aka yaye a kan kunun masara zalla, cikinsu cike, ƙafafunsu a kumbure, gashinsu ya yi ja, suna mutuwa. Masu aikin agaji sun daɗe da sanin cewa kalori layi ɗaya ne a cikin lissafi mai layuka da yawa. Kasuwar rage ƙiba ce ta mayar da shi layi ɗaya tilo.

Saura mai ciwon suga ko hawan jini da likita ya ce lallai ya rage nauyi, wanda zai ce to shi me zai yi in ba ƙirga ba. Ban ce ya yar da ma'aunin ba. Sanin cewa cokalin miya ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120, kwalbar lemo mai rabin lita kuma ta haura 200 da sukari kusan giram 50 a ciki, ilimi ne da ke buɗe ido, musamman ga abin sha, wanda ke wucewa ba tare da ya riƙe ciki ba. Ƙirga ta ɗan lokaci na iya koya wa mutum inda nauyin cimarsa yake, kuma akwai waɗanda hanyar ta karɓa. Abin da tarihin nan bai goyi baya ba shi ne mayar da ƙirgar ibadar yau da kullum da ake auna darajar kai da ita, domin a nan ne take kai wasu, musamman 'yan mata, ga tsoron abinci da cutar ƙin ci. Inda lamba ta fi yin tasiri a kan ƙiba a 'yan shekarun nan shi ne inda aka mayar da ita hannun hukuma aka auna mai sayarwa da ita. Birtaniya ta sa haraji a kan lemon kwalba daga 2018, ta ɗaure shi da yawan sukarin da ke cikin kowane mililita 100, yadda mai giram 8 ko fiye zai biya sama da mai giram 5, wanda ke ƙasa da 5 kuma ba ya biyan komai. Kamfanoni suka yi ta rage sukari tun kafin dokar ta fara aiki, har sukarin da ke cikin irin waɗannan abubuwan sha ya ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari tsakanin 2015 da 2019, ba tare da an ce wa kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa abin da ya sha ba. Najeriya ma ta sa nata harajin a dokar kuɗi ta 2021, naira 10 a kan kowace lita. Sai dai an sa shi bai ɗaya ne, mai sukari da yawa da mai kaɗan kuɗinsu guda, saboda haka kamfani ba shi da ribar da zai samu in ya rage, kuma naira biyar a kan kwalbar rabin lita ba ta kai ta sa mai saye ya sake shawara ba.